Ƙullin Sarkin Gaggawa

A layin da ke bayan tashar mota, tsakanin garejin wani bakanike da rumfar mai gyaran takalma, akwai wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe wanda a yau ake sayar da wayoyin hannu a cikinsa. Waɗanda suka daɗe a unguwar har yanzu shagon Tela suke ce masa, ko da yake tuni aka fitar da keken ɗinkin, aka shafe bango da fenti, aka toshe ramukan ƙusoshin da ake rataye riguna.

Tela ya shigo wannan shago yana saurayi, ya bar shi da furfura. Mutum ne siriri, mai ɗan doro irin wanda keke yake bar wa masu shi, kullum da tef ɗin awo rataye a wuya da guntun alli maƙale a bayan kunne. Ɗinkinsa a miƙe yake kamar an ja da ma'auni, kuma ba ya saɓa alkawari, abin da ya sa wasu ke cewa anya kuwa tela ne na gaskiya. Aibinsa ɗaya ne: ba shi da haƙurin aikin hannu. Muddin ƙafarsa tana kan keke, to babu gwani kamarsa, amma da zarar aiki ya kai ga allura da zare, kamar ɗaura maɓalli ko rufe bakin kalmasa, sai ka ga yana yi yana duban ƙofa. Idan ya gama, ba ya juya rigar ya ɓoye ƙullin a ciki kamar yadda aka koya masa. A nan fuskar yadin zai naɗe zaren sau biyu a kan allura, ya ja, ya sa haƙori ya gutsure. Ƙullin yakan fito a dunƙule kamar ƙwayar barkono, amma da yake a ƙarƙashin maɓalli yake ɓuya, ba kowa ke lura ba.

Wadda ta fara lura ita ce wadda ta zama matarsa. Tana budurwa ta kawo masa yadi ya ɗinka mata riga. Ranar karɓa ta juya rigar ciki da waje, ta bi kowane ɗinki da ɗan yatsa, har ta tsaya a kan ƙullin.

"Wannan fa?" in ji ta. "Ƙari ne ya fito wa rigar tun ba a sa ta ba?"

"Ai ba ya ciwo," in ji Tela.

"Ina ragowar yadina?"

Ya nuna mata ƙasan tebur, inda ƙyallaye suka taru kamar ganyen da iska ta share. "Ragowa kuma? Shara ce. In kina so ki kwashe duka, kin rage mini aiki."

Ga mamakinsa sai ta durƙusa, ta tsince nata ɗaya bayan ɗaya, ta karkaɗe, ta ninke. Da za ta tashi, ta ɗauki wani ɗan ƙyalle shuɗi mai farin ratsi, ta dube shi, ta dubi rigar da ke jikin Tela, ta ga yadi ɗaya ne.

"Wannan kuma ladan durƙusona ne, Sarkin Gaggawa," ta ce, ta fita abinta.

"A sauka lafiya, Sarauniyar Tsumma!" ya ɗaga murya ya bi ta da shi.

Da waɗannan sunaye biyu suka yi aure, da su suka tsufa. 'Ya'yansu da mutanen unguwa Inna suke ce mata, shi kuwa Baba Tela, amma a tsakaninsu sarautun nan biyu ba su taɓa sauka ba.

Kowace yamma Tela yakan koma gida da ƙunshin ƙyallaye a bayan kekensa na hawa. Inna takan zube su a tsakar gida, ta ware na auduga daban, masu santsi daban, ta wanke su tas, domin ta ce sabon ƙyalle da ba a wanke ba munafuki ne, sai an haɗa shi da mutane yake tsukewa ya ja na kusa da shi. In sun bushe ta goge, sa'an nan ta zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske ya fi, ta yi ta haɗa su da hannu. Ba ta yanke ƙyalle don ya yi daidai da ɗan'uwansa. Mai kusurwa uku yakan zauna da kusurwoyinsa uku, mai lanƙwasa irin na hammatar riga ta nema masa wanda zai shiga cikin lanƙwasar, ko da za ta yi mako tana nema. Idan fuskar ta kai girman da take so, sai ta shimfiɗa tsohon mayafi a tsakiya, ta yi masa shafi da yadi mai kauri, ta bi duka da ƙananan ɗinki a jere kamar sahun tururuwa.

Wannan aiki yana ba Tela haushi da dariya a lokaci guda.

"Ki ba ni rabin yini," yakan ce, "in yanka miki su murabba'i, in zuba su a keke. Abin da kike wata uku a kansa, kafin shayi ya huce na gama."

"Sannu ba ta hana zuwa," takan amsa ba tare da ta ɗaga kai ba. "Kai dai je ka ji da ƙulle-ƙullenka."

Barguna da yawa sun fita daga hannunta. Kowane ɗa da zai bar gida, da nasa yake tafiya, maƙwabta ma sun samu. Amma akwai guda ɗaya da ba ta bayar ba, ba ta kuma taɓa cewa ta gama shi ba. Wannan babu ƙyallen baƙo a cikinsa, sai na mutanen gida. Akwai guntun zanen mahaifiyarta, kore mai zanen ganye. Akwai kakin wandon makarantar babban ɗansu, da tabon tawada a jiki. Akwai ƙyallen rigar da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta fara tafiya a cikinta, da na labulen ɗakin haya na farko da suka zauna, wanda rufinsa yake yoyo daidai kan gado. A gefen dama kuwa, inda hannu yake sauka idan mutum ya rufa da bargon a zaune, nan ta sa shuɗin ƙyallen mai farin ratsi. Lokacin sanyi yara sukan shige ƙarƙashinsa su yi ta gardama, kowa yana neman nasa, wanda ya ga na wani ya fi nasa girma ya ɓata rai. Inna takan ce, "Ba da girma ake zama a nan ba, da wuri ake zama."

Shekaru suka ja. Yara suka watse, kowa da inda abincinsa ya kai shi, sai Auta kaɗai ke aure a kusa. Idon Tela ya rage, ya koma sa tabarau, masu kawo ɗinki suka ragu saboda kayan kanti sun cika kasuwa, amma bai daina buɗe shago ba. A wannan lokaci ne mantuwa ta fara yi wa Inna sallama. Da fari abin dariya ne: ta sa gishiri sau biyu, ta nemi allurar da ke maƙale a gaban rigarta. Daga baya ta fita sayen sabulu, mai gyaran takalma ya gan ta tsaye a bakin titi ta rasa hanyar gida, ya rako ta. Daga nan dariya ta ƙare. Sunaye suka riƙa zubewa daga kanta kamar maɓallan tsohuwar riga. Likita ya duba, ya ba da magani, ya ce sai haƙuri.

Abin da bai zube ba shi ne abin da ke cikin yatsunta. Idan aka zaunar da ita a kujerarta ta bakin ƙofa, aka rufa mata bargon a gwiwa, sai hannunta ya fara yawo a kansa. Ta taɓa koren zanen ta ce, "Innata." Ta taɓa kakin ta ce, "Wannan ɗan banzan, kullum da tawada." Da safe takan dubi Tela da irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yi sammako, cikin ladabi da ɗari-ɗari. Shi kuwa ya koyi kada ya ce komai. Yakan ajiye mata shayi, ya zauna a kan benci, ya jira. Hannun nan zai bi ta kan labule, ya bi ta kan rigar Auta, ya gangara dama, ya sauka a kan shuɗin ƙyallen, ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni. Sai fuskarta ta washe.

"Sarkin Gaggawa, yau ba ka tafi shago ba?"

"Yanzu zan tafi, ranki ya daɗe."

Da wannan 'yar magana yake yini. Duk abin da ya rage masa na zaman shekaru masu yawa, a cikinta yake.

Wata rana Auta ta zo ta ce za ta ɗauki Inna su je asibiti a sake duba ta, ta kwana biyu a gidanta kafin ta dawo da ita. Garin sauri aka bar bargon a kan kujera. Tela ya ɗauka zai ninke, sai hasken ƙofa ya ratso ta cikinsa. Ya ɗaga shi sama, ya gyara tabarau. Wurare da dama sun siɗe har ana ganin mayafin ciki. Koren zanen ya zama kamar yanar gizo, kakin ya yage a gefe, shuɗin nan kuwa ratsinsa ya kusa ɓacewa, tsakiyarsa ta huje. Kunya ta kama shi. Shi da ya tufatar da rabin unguwa, a ce matarsa da tsumma take rufa? Mutanen da ke zuwa gaishe ta, me suke faɗa idan sun fita?

Bai yi shawara da kowa ba, domin a ganinsa wannan magana ce ta sana'a, kuma a sana'ar nan babu wanda zai tambaya. Ya kai bargon shago, ya shimfiɗa a tebur, ya zagaye duk inda ya mutu da alli. Ya sa reza ya farke su ɗaya bayan ɗaya. Ya zaɓo sababbin yadi masu ƙarfi, kore a gurbin kore, kaki a gurbin kaki, shuɗi a gurbin shuɗi, har ya yi murna da ya samu shuɗi mai ratsi, ko da yake ratsin ya fi na da faɗi. Ya daidaita gefuna da almakashi, ya zuba a keke, ya goge da dutsen guga. Tsofaffin kuwa ya tura su da ƙafa cikin buhun da ke bayan ƙofa, wanda Bakanike yake zuwa ya ɗiba don goge hannu. Tun da ya fara ɗinki bai taɓa yin faci mai kyan wannan ba.

Da aka dawo da Inna, shi da kansa ya zaunar da ita, ya warware bargon ya rufa mata, ya koma gefe yana murmushi kamar ɗalibin da ke jiran sakamako. Hannunta ya fara tafiya. Ya je inda koren yake, ya tsaya, ya wuce. Ya je kan kakin, ya shafa, ya wuce. Ya gangara dama, ya murza sabon shuɗin, yadin ya yi ƙarar sabunta a tsakanin yatsunta. Ta janye hannun kamar ta taɓa abu mai zafi. Ta tattara bargon a hankali, ta miƙa masa.

"Bawan Allah, wannan ba nawa ba ne. Ka mayar wa masu shi, kada su yi ta nema."

"Naki ne, Sarauniya. Gyara shi na yi."

"Allah ya saka da alheri," ta ce, cikin muryar da take yi wa baƙi. "Maigidan ba ya nan, amma in ya dawo zan gaya masa ka zo."

Auta, wadda ke tsaye da jakar magani a hannu, ta karɓi bargon ta duba. 

"Baba, ina waɗanda ka cire?"

"Sun mutu, 'yar nan. Ko tsinke ba za su riƙe ba."

"To ai hannunta ne ya kashe su, Baba. Dubi nan, dubi nan." Ta nuna masa wasu ƙyallaye da ya bari, waɗanda har yanzu launinsu yake garau. "Waɗannan ba ta damu da su ba, shi ya sa suka rayu. Waɗanda take taɓawa kullum su ne suka siɗe. Ka zaɓe su kaf kamar an ba ka suna."

Tela ya zauna a kan benci ba tare da ya san ya zauna ba. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Washegari ya kawo shayi, ya jira, ba a kira shi ba. Rana ta biyu ma haka. Takan gode masa, ta tambaye shi ko daga nesa yake, wani lokaci ta ja mayafinta ta rufe fuska don kunyar baƙo. Hannunta kuwa yana kan gwiwa yana murza iska. A rana ta uku bai buɗe shago ba, kai tsaye ya wuce gareji.

Bakanike tsaransa ne, kusan tare suka zo layin, kuma tun suna samari ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Kai, Baƙin Mai, fito."

"Wa nake ji kamar mai ɗinka wa mutane aljihu a huje? In wandona ka kawo, ajiye. In hira ce, ba ni da wurin zaman tsofaffi."

"Buhun tsummana nake nema."

Bakanike ya turo kansa waje, ya dube shi sama da ƙasa. "Yau ake yin ta. Kyautar da aka yi shekara da shekaru ana yi, yau za a karɓe? Ko talaucin ya kai ka fara ɗinka wa mutane riga da tsumman gareji?"

Maimakon ya rama, sai Tela ya fara ba shi labarin bargon. Da Bakanike ya ga haka, sai ya tashi zaune, ya goge hannu a cinya, ya saurara. Bai bari an kai ƙarshe ba ya miƙe.

"To tsayuwar me muke yi?"

Tsofaffin nan biyu suka bi garejin lungu-lungu. Suka zazzage buhu, suka duba cikin akwatin sifana, ƙarƙashin benci, bakin durom ɗin mai. Koren zanen a naɗe suka same shi a jikin marikin guduma. Kakin yana cikin wani gwangwani, ya sha baƙin mai har ya ƙoshi. Na labulen yana rataye a madubin wata mota. Duk wanda aka samu, Tela yakan karɓa da hannu biyu, ya shimfiɗa a kan gwiwa, ya lallashe shi. Har rana ta take suna nema, shuɗin bai fito ba.

"Shuɗi mai ratsi, mai huji a tsakiya?" Bakanike ya dafe kai. "Wayyo. Wata babbar mota ce ta zo shekaranjiya, murfin tankinta ya ɓace. Da shi na toshe mata. Yanzu haka Allah kaɗai ya san garin da rigarka take."

"Duk tsumman duniya ba ka ga na toshewa ba sai shi?"

"To ai shi ya fi laushi! Kai da ka zubar fa, me za a ce maka?"

Tela ya kwashe ƙyallayen ya koma shago.

Ya jiƙa waɗanda aka samu a ruwan ɗumi da sabulu, ya wanke su da tafin hannu kamar ana wanke jariri, domin ko cuɗawa ba za su jure ba. Man bai fita duka ba, ya bar musu inuwa. Ya farke kyakkyawan facinsa da rezar da ya farke na Inna. Da ya gwada mayar da koren a keke, haƙoran keken suka kama shi suka ƙara yaga shi. A nan ya gane cewa wannan aiki ba na ƙafa ba ne. Ya rufe shago, ya ɗauki allura da zare ya koma gida.

Ya ajiye bencinsa a bakin ƙofa kusa da kujerarta, inda haske ya fi. Kowane ƙyalle sai ya yi masa shimfiɗa da wani yadi marar nauyi a ƙasa, sa'an nan ya bi gefensa da ƙananan ɗinki, yana bin tsofaffin ramukan allurarta inda suka rage. Yana juya bargon ya ɓoye kowane ƙulli a ciki, yadda take yi. Wuyansa ya ƙage, yatsunsa suka sha suka. Abin da ya farke cikin rabin yini ya ci masa kwanaki. Inna tana kallonsa da sha'awa irin ta wanda ya ga baƙo yana aikin da ya sani.

"Malam, a ina ka koyi ɗinki?"

"Wurin wata mata."

"Ta iya koyarwa. Amma ka rage tsawon zaren, zai harɗe."

Ranar da ya mayar da koren, ya ɗora mata gefen bargon a gwiwa. Yatsunta suka same shi, suka murza. "Innata," ta ce a hankali, sa'an nan ta sunsuna. "Me ya kai ta wurin masu mota?" Da kakin ya koma ta yi dariya ta ce tawadar ɗan banzan nan ta ƙaru. Ɗaya bayan ɗaya mutanenta suka dawo gida. Auta ta zo, aka kira ta da sunanta, ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito. Saura gurbi guda a gefen dama, inda mayafin ciki yake leƙowa. Hannun yakan je can, ya faɗa ramin, ya dawo. Shi kuwa har yanzu bawan Allah ne.

Ya zaga kasuwa rumfa-rumfa da kwatancen yadin a bakinsa. Masu yadi suka ce an daina yin irinsa tun kafin a haife su. Wani ya kawo masa mai kama da shi, ya murza a yatsa ya ajiye. Ya riga ya san abin da sabo yake yi. Da ya dawo da yamma, a gajiye, ya zauna ya daɗe yana duban gurbin. Ba don yana sa rai ba, sai don kada a bar rami a bargo, ya tuɓe tsohuwar rigar aikinsa, ruwan toka, wadda tef ya cinye wa wuya, ya yanko daga kafaɗa inda ta fi laushi. Ya ɗora, ya bi da ɗinki. Rana tana faɗuwa, ido ya gaji, zuciya ta gaji. Da ya kai ƙarshe bai juya bargon ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba tun yana saurayi: ya naɗe zaren sau biyu a kan allura, ya ja, ya sa haƙori ya gutsure. Ya rufa mata, ya fara tattara kayansa.

Hannun Inna ya bi hanyarsa. Ya gangara dama, ya sauka a kan ruwan tokan, ya murza. Babu abin da ya motsa a fuskarta. Yatsun suka zame za su wuce, sai manuninta ya yi tuntuɓe. Ya dawo baya. Ya taɓa abin, ya kewaye shi, ya ɗan ja shi da farce. Girarta ta haɗe.

"Wa ya yi wannan ƙullin a fuska?"

Tela ya tsaya da almakashi a hannu.

Ta ɗago kai, ta dube shi, ba kallon baƙo ba, kallon wanda aka kama da laifin da aka gaji da yi masa magana a kai.

"Sarkin Gaggawa! Kai dai ba za ka taɓa ji ba. Mutum har ya yi furfura bai iya juya ƙyalle ya ɓoye ƙulli ba? A bargona kuma? Farke shi yanzun nan."

Ya cire tabarau, ya goge da gefen singileti, ya mayar, ya sake cirewa.

"Haske ya tafi, Sarauniyar Tsumma. Da safe zan farke."

"Haka ka ce a kan rigata."

"Haka na ce, ranki ya daɗe."

Da safe bai farke ba. Ya kawo shayi, ya zauna a benci, ya jira. Hannun ya yi yawonsa, ya yi tuntuɓe, aka yi masa faɗa, ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin gobe, ya tafi shago yana taka ƙasa kamar saurayi. Tela wanda bai taɓa saɓa wa mai kawo ɗinki alkawari ba, wannan guda ɗaya ya yi ta saɓa shi har iyakar zamansu. Idan farcenta ya cinye ƙullin ya fara kwanciya, sai ya faki idonta lokacin da take gyangyaɗin rana, ya ɗauko allura ya ɗora wani a kusa da shi. Bakanike, da ya ji labari, ya ce wannan ne karo na farko da ya ga mugun aiki ya yi wa mai shi rana, kuma daga ranar bai sake karɓar buhun tsumma ba sai ya zazzage shi a gaban Tela ya ce, "Duba da kyau, ko akwai danginka a ciki."

Inna ta riga shi tafiya, shi ma bai daɗe ba ya bi ta. Bargon yana wurin Auta. Ta taɓa kai shi wurin wani matashin tela don ya sake masa shafi, ya shimfiɗa a tebur, ya ga gefen dama inda ƙulle-ƙulle suka taru a kan wani ƙyalle ruwan toka kamar an zubar da barkono. Ya jawo reza, ya ce wannan kam wani ɗan koyo ne ya ɓata mata, bari ya gyara kyauta. Auta ta riƙe masa hannu, ta ninke bargonta, ta koma gida ta yi shafin da kanta.